Tsatsar da Ta Warke

Ku yaran yanzu, da an kawo mota an ce a cire wani abu, hannunku na kan giranda, injin yankan ƙarfe, tun mai motar bai rufe baki ba. Ku jona wuta, ku yi ta watsa tartsatsi kamar ana biki, kafin a ce kwabo ƙarfe ya faɗi ƙasa, ku karkaɗe hannu ku ce aiki ya ƙare. Shekaranjiya ina zaune a bakin gareji na ji ɗayanku yana cewa wai cire matakalar gefen jif ba aiki ba ne, ko mai sayar da rake zai iya. Ban tanka masa ba, don na lura da na buɗe baki sai ku sunkuya kan waya. To yau dai sai kun ji, ko kuna so ko ba kwa so.

Ni ne Mamman Mai Walda, mai garejin nan na bakin hanyar shigowa Kaura Namoda, kusa da inda titi ya ƙetare layin dogo. A hannun Baba Lasisi na koyi aiki, wani Bayarabe da ya yi aikin reluwe har ya gaji ya kafa rumfarsa. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, zaginsa kuma ya fi Hausarsa. Shekarata ta farko a wurinsa ko kusa da wutar walda ban je ba. Aikina wanke notuna da kananzir, da jera sifanu bisa girmansu, da ɗebo ruwan da ake zuba wa kabaid, sinadarin da ke ba da wutar walda. In na kawo masa sifana sha uku a maimakon sha huɗu, sai ya ajiye ta a ƙasa ya ci gaba da miƙo hannu, har sai kunya ta ishe ni.

Ranar da ya fara ba ni aikin kaina, wani tsohon noti ya ciro daga gindin akori-kura, ya yi ja wur da tsatsa, ya matse shi a bais, wato mamatsar ƙarfe, ya ce in kwance shi ba tare da ya karye ba. Ya tafi cin abinci ya bar ni. Na ja, na danna, na yi gumi, noti ko gezau. Da ya dawo ya ɗiga masa man birki, ya ɗan ƙwanƙwasa kansa da ƙaramar guduma, ya ce in je in yi salla in dawo. Da na dawo sai ya kama hannuna a kan sifana, muka ɗan ƙara ɗaure shi tukuna, na ji ya yi ƙas, sannan muka juya baya ya taho kamar ba shi ba. A nan ya faɗa mini maganar da na ci abinci da ita har na yi furfura: abin da aka ɗaura da noti, da noti ake kwance shi. Ya ce wuta ta mai gaggawa ce, kuma abin da ka yanke ba ka da bakin mayar da shi.

Na buɗe nawa wurin ba da jimawa ba kafin a ba mu jihar Zamfara. Muka yi ta murna, muna ganin ai shi ke nan motoci za su riƙa yin layi a ƙofar kowa. Sai ga wahalar man fetur ta sauka. Motoci suka koma kan duwatsu a ƙofar gidaje, kaji na kwana a ƙarƙashinsu. Na yi watanni ban shiga ƙarƙashin mota ba, har bayana ya manta da ciwo. Murhun gawayi na koma yi, da ƙyamaren ƙarfe, da gyaran garma da ƙafar amalanke. Ni da nake taƙama da gyaran jikin mota, sai ga ni ina ciniki da tsohuwa a kan hannun tukunya, tana ce mini aikina bai kai na maƙerin garinsu ba. Wasu abokan aikina sun tattara sun tafi Gusau, wasu sun koma gona. Ni taurin kai ya zaunar da ni.

Da abubuwa suka ɗan lafa, manya a Gusau suka shiga sababbin motoci, tsofaffin jif-jif ɗin da aka gaji da su kuma suka gangaro mana ta hanyar gwanjo. Ɗaya daga cikinsu ta faɗo hannun abokina Labbo, mutumin wani ƙauye da ke bayan Kurya Madaro. Shanun huɗarsa ya sayar ya saye ta, dangi suna ta cewa ya haukace. Doguwa ce, fara, ta sha duniya, amma injinta lafiya lau. Tana da matakala a kowane gefe, irin dogon ƙarfen nan da ke bin ƙasan ƙofofi, wanda mutum ke takawa ya shiga.

Ana haka aka ƙaddamar da shari'a. Aka ce a motocin haya mata daban maza daban, kuma mace ba za ta hau bayan ɗan kabu-kabun da ba muharraminta ba. Direbobi da yawa suka yi ta ƙunƙuni, Labbo kuwa ya ga in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ya je aka zana masa hoton mace da hijabi a ƙofofi, motarsa ta zama ta mata zalla. Tsakanin ƙauyensu da titi akwai wani rafi, da rani yashi, da damina laka, ƙaramar mota ba ta isa ta tsallake shi ba. Sai ya zama duk matan yankin nasa ne: masu zuwa Kaura awo, masu kai man gyaɗa da daddawa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, masu zuwa biki Zurmi. Kakarsa ta yanke saƙa, har ya fara sa hula mai aiki.

Wata rana da hantsi sai ga shi ya shigo gareji, ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya nuna matakala da ƙafa.

"Mamman, ƙarhen ga nika so ka cire min. Dut biyun. Yau."

Na duƙa na duba, na ga ba lanƙwasa ba tsagewa. Na ce, "Mi yay yi maka?"

"Ƙarhe bai yi min komi ba. Mai hawa bisanai na, ban iya yi mai magana."

Sai da na sa aka kawo masa fura ya sha, sannan labari ya fito. Surukinsa ne, Malam Bawa, mahaifin matarsa Kulu. Ita Kulu kuwa 'yar fari ce, kun san yadda abin yake: uban ko sunanta ba ya kamawa, balle ya zauna inuwa ɗaya da mijinta. In sun haɗu a hanya, Labbo ya cire takalmi ya durƙusa can nesa, tsoho ya kau da kai ya amsa gaisuwa kamar da bishiya yake magana. To shi Malam Bawa, duk ranar da matarsa Inna Hajo za ta shiga motar, sai ya rako ta, ya zaunar da ita a kujerar baya wajen taga ta dama, shi kuma ya ɗare kan matakala ya kama ƙarfen rufi. Tun kafin shari'a haka yake yi, don ba zai shiga ya zauna da suruki ba. A da ba wanda ya damu. Yanzu kuwa mota ta mata ce.

Da a ce shi kaɗai ne ma da sauƙi. Amma da mazan gari sun ga dattijo ya hau, sai kowa ya ce ai ga hanya. Mai zuwa sayen taki ya ɗare, mai zuwa ɗaurin aure ya ɗare, kafin a fita gari mota ta yi fuka-fuki da maza hagu da dama, matan ciki suna ta jan hijabi suna tsaki. Labbo ba shi da halin ya daka musu tsawa, don ɗaga murya a gaban suruki rashin kunya ne, kuma in ya ce kowa ya sauka, ai har da tsohon ya faɗa wa. Haka zai tuƙo su yana haɗiyar zuciya.

A bakin gari kuwa, ƙarƙashin wata bedi, wato itacen dogon yaro, da ake hangowa daga garejina, 'yan agaji masu lura da bin doka suke zama. Babbansu wani matashi ne, Malam Hamisu, ba mugu ba ne, amma in ya ce a'a to a'a ce. Ya tsayar da Labbo ya yi masa nasiha, ya sake tsayar da shi ya yi masa kashedi. A na ƙarshe Labbo ya ja shi gefe ya gaya masa gaskiya, Malam Hamisu ya ce ya tausaya masa, amma doka ba ta san suruki ba, in ya ƙyale ɗaya gobe kowa ya zo da nasa surukin. Ya ce in ya sake ganin namiji ko ɗaya maƙale a motar mata, zai kai maganar tasha a hana shi lodi, a ba wani layin. Ga shanu an sayar, ga 'ya'ya. Gaba kura, baya sayaki.

Dabarar da Labbo ya kwana yana saƙawa ita ce, in babu wurin takawa, babu mai hawa, kuma babu wanda aka ce wa sauka. Zai sa Kulu ta faɗa wa uwarta, uwar ta faɗa wa tsoho, cewa tsatsa ce ta cinye matakala, bakanike ya ce in ba a cire ba za ta karye da mutum. Na ce to ni ne bakaniken da za a jingina wa ƙaryar ke nan, a zamanin shari'a? Ya ce ai ba rantsuwa za a sa ni ba. Sannan ya nuna tukunyar kabaid ya ce in hura wuta in datse su yanzu, gobe Alhamis yana da lodi.

A nan muka yi ta. Na ce masa ya kwanta ya leƙa. Bututun mai da na birki suna bin jikin shasi, wato ƙashin bayan mota, tazararsu da hannun matakala bai kai taƙi ba. In na kai wuta wurin, ba matakala kaɗai za a rasa ba, har motar da mai walda. Ban da haka ma, ni ba na yanke abin da ke da noti. Ya ce ai har abada ba zai sake buƙatarta ba. Na ce shi ne bai sani ba, ni ma ban sani ba, shi ya sa ba za a yanke ba. Ya yi fushi ya ce zai kai wa wani. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya je bakin titi ya tsaya, ya dawo ya miƙo mini makulli.

To ku saurara, ku masu cewa ba aiki ba ne. Matakalar jif a kan hannuwan ƙarfe take zaune, uku a kowane gefe, su kuma an ɗaure su a jikin shasi. Motar da ta shekara tana tsallake rafi, ba ka ma ganin notunan, laka ta bushe a kansu ta zama kamar gini. Sai da na sa ruwa na jiƙa, na kankare da tsohuwar sukudireba, na bi da burushin waya, sannan kawunansu suka bayyana. Na ɗiga wa kowanne man birki gauraye da kananzir, na ce wa Labbo ya je ya yi azahar, kada ya dawo sai ya ci abinci. Rabin aikin nan jira ne, ku kuwa jira ne ba ku iya ba.

Sifana mai baki ba ta shiga wannan aiki, tana zamewa ta cinye kusurwar noti ya koma kamar ƙwallon goriba, daga nan kuma sai kuka. Mai zobe ake sawa, sha huɗu ga ƙanana, sha bakwai ga manya, a tabbata ta zauna daram. A ƙwanƙwasa, a ɗan ƙara ɗaurewa, sannan a sassauta kaɗan, a mayar, a sake sassautawa, kamar mai lallashin jaki ya shiga ruwa. Abin tsoron shi ne, wasu notunan abokan ɗaurinsu suna can cikin shasi, an liƙe su tun daga kamfani, hannu ba ya kai musu. In ka zura hannun sifana a dogon faif ka yi ƙarfin tuwo, liƙin ya ɓalle, sai noti ya yi ta juyawa a banza, ba ya fita ba ya ɗauruwa, har ka tsufa. A gefen hagu na tarar wani gwani ya taɓa ɗiga walda a kan hannu ɗaya, don ƙyuyar neman noti. Wannan da kurfin sarar ƙarfe da guduma na bi shi a hankali har ya saki, ina yi ina yi wa mai aikin addu'ar shiriya.

Kuma ba a kwance su duka a tashi ɗaya. Ana barin ɗaya a gaba ɗaya a baya a sassauce, a tokara ƙasan da guntun katako, in ba haka ba ƙarfen ya sauko maka a haƙora. Akwai wata 'yar waya ta fitilar da ke haska matakala, wadda ta mutu tun zamanin mai motar na farko, ita ma ban fizge ta ba, na cire na naɗe bakinta da tef. Da matakalun suka sauko, na wanke kowane noti, na shafa masa giris, na mayar da shi raminsa a jikin shasi na ɗaure. Ramin da aka bari a buɗe laka yake sha, shekara guda ya lalace. Labbo yana tsaye yana cewa ɓata lokaci nake, ni kuwa na yi kamar da bango yake. La'asar sakaliya ya ja motarsa, ta yi wani tsawo kamar raƙumi. Na jingina matakalun a bangon rumfa.

Dabara ta ci. Labbo ya sayi 'yar kujerar tsugunno yana ajiye wa tsofaffi su taka su shiga, sannan ya jefa ta bayan mota. Maza suka zo hawa suka ga ba wuri, suka yi ta zagin tsatsa. Malam Hamisu har hannu yake ɗaga masa in ya wuce. Sai dai na lura Labbo ya rage dariya, in na tambaye shi gida sai ya ce lafiya, a gajarce.

Damina ta yi nisa, wata rana ina gyaran salansa sai na ji sallama. Wani dattijo ne dogo siriri, da malfa da sanda, ƙafafunsa duk laka, ka san daga nesa ya tako.

"Kai na Mamman mai walda?"

"Ni na, Baba. Sannu da hanya."

"An ce min tsatsa ta cinye matakalam motam mijin yarinyag ga."

Nan take na gane Malam Bawa ne. Ga matakala can jingine a bayana, ruwan sama ya wanke ta tana ƙyalli, ko ɗigon tsatsa babu. Na shimfiɗa masa buzu, na kawo ruwa, ina ta jan gaisuwa ko Allah zai kawo mafita. Bai zauna ba. Ya wuce ni ya tsaya a gabanta, ya duba sama ya duba ƙasa, ya shafa ramukan notuna da yatsa, sannan ya ɗaga sanda ya buga mata. Ta yi ƙara tangaran kamar sabuwar tasa. Ya juyo ya dube ni, na dubi ƙasa.

"Lalle tsatsag ga ta yi ɓarna," in ji shi.

"Ta yi, Baba."

Sai a lokacin ya zauna ya sha ruwan. Ya ce shi ya zaci an yayyanka ta an sayar wa 'yan gwangwan, ashe tana nan ɗungurungum. Daga nan, yana kallon titi ba ni ba, ya ba ni labarin da Labbo bai ba ni ba. Inna Hajo yanar ido ce ta rufe mata gani, shekaru ke nan, sai dai ta bambance dare da rana. Mota kuwa tsoronta take kamar mutuwa, don ba ta ganin abin da ke tafe, sai dai ta ji an jefa ta sama an dawo da ita. Shi ya sa yake tsayawa a tagarta, ya zura hannu ta riƙe, yana gaya mata hanya: ga rami nan tafe, ga gangara, yanzu za mu shiga ruwa. Tun da aka cire matakala ba ta sake fita ba. Yanzu kuma an yi shela likitocin ido sun sauka a asibitin Kaura, kwanaki kaɗan za su yi su wuce. An yi an yi da ita ta shiga mota da Kulu, ta ce ita a bar ta da makantarta. Amalanke ba ya tsallake rafi a wannan ruwa.

Sannan ya ce, "Shin tsatsa tana warkewa?"

"Awo, Baba, tana warkewa, in mai mota ya so."

Ya girgiza kai. "A'a. Abincin ɗiyanai na cikin motag ga. Yaron kirki na, ya tsare min mutunci, bai ce min sauka ba. Kak ka hwaɗa mai na taho."

Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har na kasa komawa ƙarƙashin motar da nake gyara.

Washegari da yamma sai ga Labbo, ba lodi ba gyara. Ya zauna, ya tashi, ya je ya tsaya gaban matakala yana sosa ƙeya. Ya ce tuwon gidansa kwanan nan da sanyi yake zuwa, Kulu ba ta ce masa komai ba, kuma rashin cewar ya fi cewar ciwo. Sannan ya tambaye ni ko wani ya zo nan jiya, don an ga tsoho ya fita tun asuba bai dawo ba sai magariba.

Na ce, "An ce kar in hwaɗi."

Ya daɗe yana kallona. Ya dubi bedin 'yan agaji, ya dubi motarsa. Na tuna masa abin da Malam Hamisu ya ce, don kada gobe a ce ban faɗa ba. Ya ce ya sani, da kunnensa ya ji.

"Maida min ta dama," in ji shi.

Kun ga notunan nan da ya ce ɓata lokaci nake? Da yatsa na kwance su. Kafin mai shayin gefenmu ya gama haɗa masa kofi ɗaya, matakala ta koma mazauninta, na hau na yi tsalle a kai don ya gani. Bai ce na gode ba, ni ma ban ce ai na gaya maka ba, ko da yake ta zo mini har baki.

Da safe na kasa zama a gareji. Na ɗauki wata sifana don a ce aiki ya kawo ni, na je gindin bedi na gaisa da 'yan agaji, na tsaya ina jan zancen ruwan bana. Can sai ga farar jif ta ɓullo, tana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. A gefen dama ga Malam Bawa tsaye shi kaɗai, ya ɗaure rigarsa a ƙugu, ya ɗaure malfa da rawani, laka har gwiwa. Malam Hamisu ya miƙe, fuskarsa ta canza, ya ɗaga hannu. Mota ta tsaya.

Labbo ya fito, ya zagayo, ya durƙusa can nesa da surukinsa, ya miƙa wa Malam Hamisu makulli da hannu biyu. Shi ba zai yi gardama a gaban surukinsa ba. Tsohon ya ce laifin nasa ne, shi ya hau, ba wanda ya sa shi, ya yunƙura zai sauka. Sai ya kasa, don hannunsa na hagu yana cikin taga, Inna Hajo ta riƙe shi da hannu biyu ta ƙi saki. Idanunta fari fat, tana juya kai.

"Malam, mi ya hwaru? Rami na?"

"Ba rami ba na. Mun kawo layin dogo, yanzu za ki ji ƙaraf-ƙaraf sau biyu, shi ke nan sai gari."

Malam Hamisu ya dubi hannun nan, ya dubi Kulu da ke zaune kusa da uwarta ta sunkuyar da kai, ya dubi makullin da ake miƙo masa. Ni kaina na manta da sifanar da ke hannuna.

"Baba, iyalinka ta?"

"Tun ba a haihe ka ba, ɗana."

Bai karɓi makullin ba. Ya ce wa Labbo ya tashi ya ja mota, amma a hankali. Ya ɗauko kekensa daga jikin bedi, ya ce zai shiga gaba, don akwai wasu 'yan'uwansa a kusa da kasuwa, kada su sake tsayar da su. Har ya ɗora ƙafa a feda sai ya waiwayo.

"Baba, riƙe da kyau."

Haka suka shiga Kaura, keke a gaba, jif a baya, tsoho a gefe yana ba da labarin hanya.

Ido ɗaya aka samu ya buɗe, ɗayan an ce ya riga ya wuce gyara. Amma ɗayan ya isa. An ce ranar da aka cire mata bandeji, da ta ga Labbo a bakin ƙofa sai ta ja mayafi ta rufe fuska, wai ashe haka surukin nata yake da tsawo. Ni dai ina jiran in ga yadda za a ƙare, don matakala na nan a jikin mota, mazan ƙauye sun fara leƙenta, kuma Malam Hamisu alfarmar rana ɗaya ya yi, bai ce an soke doka ba. Labbo kuwa ba zai sake kawo ta a cire ba, yanzu da ya san abin da ya sani.

Ranar wata Laraba sai ga sallama. Malfa, sanda, laka. Ya zauna a kan buzu ya sha ruwa, ya ce mai ɗakinsa ta gode, yanzu ita ke gaya wa sauran mata ga rami nan tafe. Sannan ya dubi titi.

"Mamman, ka aika ma mijin yarinyag ga ya kawo mota kahin gobe. Ina ganin tsatsag ga ta dawo."

Har Allah ya karɓi ran Malam Bawa, shi da Labbo ba su taɓa yin maganar matakalar nan da juna ba. Jif ɗin ta daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan, amma matakalun suna nan a bangon rumfa, su ne kuke rataya rigunanku a kai. Duk wanda ya kusance su da giranda, ni da shi ne.